Keken Ɗinkin da Ya Shiga Cikin Gida

Zuwaira mutuniyar Rara ce, can ƙasar Rabah. Aure ya kawo ta Wurno, gidan Halliru maɗinki, shi ya sa har ta bar duniya mutanen unguwarmu ba su cika kiranta da sunanta ba, sai Ta Rara. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, kuma in tana aiki sai an maimaita sallama kafin ta ɗaga kai.

A zamanin da ta zo, tufa tana bin hannuwa ne a jere. Mace ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare. Daga nan aikin ya fita daga cikin gida: namiji ya saƙa, namiji ya rina, namiji ya ɗinka. Allura ta maza ce. Ko zanen mace ne ya yage, sai ta aika wa maɗinki ko ta jira mijinta. Haka muka tarar, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Zuwaira ta iya kaɗi. Zarenta siriri ne, ba ya kauri nan ya rame can, masaƙa kuma sun san shi. Ranar kasuwa dillaliya ba ta kaiwa tsakar rana da shi a hannu. Da wannan zaren take sayen gishirinta da sabulunta, ta yi biki, ta aika gudummawa in an haihu a Rara. Rigar da Halliru ke zuwa Idi da ita ma zarenta ne. A gidan da mace ke kaɗi, in ana shawara akan ji ta bakinta, ko da ta bayan danga ne.

Sai abubuwa suka fara sauyawa a hankali, bayan yaƙin nan da aka kwashi samari zuwa Bama. Auduga ta koma ta awo. Manomi ya kai ta fuloti, wurin da ake sayenta, a ɗora a sikeli, mota ta kwashe zuwa injin gurza a Gusau. Abin da ke dawo mana yadi ne, akoko da alawayyo da atamfa, da zaren kanti mai arha wanda ba ya yawan tsinkewa. Masaƙa mutane ne masu iyali, suka koma wa mai arha. Dillaliya ta fara dawowa da zaren Zuwaira da yamma tana ba da haƙuri. Daga baya ta daina zuwa ɗauka.

Matan unguwa kowace ta kama abin da ta samu. Wata ƙuli-ƙuli, wata fura, wata casar shinkafa. Zuwaira ta gwada ƙuli-ƙuli, nata in bai ƙone ba ya ƙi ba da mai. Ta bari. Ta naɗe sauran zarenta ta zuba a tukunya ta rufe. Tun daga lokacin aka fara jin ta tana cewa, “Malam, gishiri ya ƙare.” Halliru ba marowaci ba ne, yakan kawo. Amma wanda ya san ta ya san irin jinkirin da take yi kafin maganar ta fito. Wata rana miya kan zo lami, kuma Zuwaira ba mai mantuwa ba ce.

Halliru shi ma zamani bai ƙyale shi ba. Maɗinkin hannu ne, ɗan maɗinkin hannu, irin masu zama wata da watanni kan gaban riga ɗaya suna yi mata aiki da allura. Yayansa Maccido, wanda ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi ya je Sakkwato ya ga teloli masu keke suna gama wando kafin mai shi ya tashi daga inda ya zauna. Da aka sayar da albasar gandu wata shekara, sai Maccido ya sa aka sayo keken ɗinki, irin wanda ake takawa da ƙafa, aka kawo shi a bayan mota aka ajiye a zauren Halliru. Don haka keken na gandu ne, kuma maganar Maccido ce a kansa. Halliru ya koya, ya iya daidai gwargwado. Bai taɓa cewa ba ya so ba. Yakan dai ce ƙarar tana hana shi jin sallama.

Wata damina kurkunu ya kama Halliru. A lokacin ba baƙon abu ba ne, duk shekara yana kwantar da mutane ana tsakiyar noma. Shi a ƙafar dama ya fito masa, ɗaya kusa da idon sawu, ɗaya a gwiwa. Ƙafa ta kumbura, ko ƙasa ba ya iya takawa balle keke. Ga Sallah ta matso, ga yadin mutane tuli a zaure. Maccido ya ce a shigar da keken cikin gida kusa da shimfiɗarsa, ko zai riƙa lallaɓawa da hagu. Aka shigar. Da hagu kuwa keken baya yake komawa, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye.

Zuwaira tana kallo daga bakin murhu. Ba a san wanda ya fara magana a tsakaninsu ba. An dai wayi gari su biyu ne a kan keken. Shi yana zaune ya miƙe ƙafar a kan buhu, hannuwansa na tafiyar da yadi, ita tana gefe a kan wata kujera ta zura ƙafa tana takawa. Da farko ba abin da maƙwabta ke ji ta kan katanga sai “taka” da “tsaya”, da ɗan tsaki. Akwai wandon da sai da aka farke shi gaba ɗaya aka sake. Ana nan aka daina jin muryarsa, sai keken kawai, yana tafiya bai ɗaya. Mai kaɗi ta san yadda ake sa abu ya yi ta juyawa ba gaggawa ba sanyi. Abin da yatsunta suka sani ne ya sauka ƙafa.

Kurkunu yana zuwa da zazzaɓi, don haka da hantsi Halliru kan kwanta barci ya ɗauke shi. Wata rana ya farka ya ji keken na tafiya. Ya daɗe kwance yana saurare, fuskarsa na kallon bango. Da la'asar ya ɗauki wandon da aka ɗinka, ya juya cikinsa waje, ya bi kalmasa da yatsa har ƙarshe, ya ninke ya sa cikin waɗanda aka gama. Bai tambayi wanda ya ɗinka ba. Wannan Sallar kowa ya sami kayansa, har ana yaba wa Halliru cewa ciwo ya gyara masa hannu.

Wadda ta fara kama ta a kan keken ita kaɗai Habi ce, ƙanwar Halliru, wadda ke aure a unguwar gaba. Tsakaninsu wasa ne irin na ƙanwar miji da matar wa, kuma Habi ba ta barin dama ta wuce ta.

A shekarun ne mata suka fara sa riga. Da can zane ne da mayafi, sai atamfa ta zo da nata yayin. Amma teloli maza ne, matan aure kuma ba su zuwa kasuwa. Miji ne ke ɗaukar yadi ya je, ya buɗe hannuwa ya ce kamar haka take, ko ya nuna wani mai wucewa ya ce ta ɗan fi wancan jiki. Abin da ke dawowa, in ba taguwar namiji da aka gajarta ba, to abin da ba ya wuce kai ne.

Habi ta shigo da irin wannan rigar a jikinta, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Ta Rara, ashe ke ta telan gidanga. To dubi aikin 'yan'uwanki na kasuwa.” Ta ɗaga hannu, rigar ta tattare mata a hammata. “Maigidana ya ce musu awa tulu nike, su ko sunka ɗinka wa tulu.”

Zuwaira ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ai bai yi ƙarya ba, wuyan tulun kawai ya manta ya faɗa. Habi ta ce in ba ta gyara mata ba, kafin magariba duk Wurno za ta ji wanda ya yi ɗinkin Sallah. Zuwaira ta tashi ta buɗe tukunyar nan ta ɗebo tsohon zarenta. Ta sa shi a kafaɗar Habi ta ƙulla, ta zagaya ƙirji ta ƙulla, ta sauko hannu ta ƙulla. Da wannan zaren mai ƙulli ta yanka yadin. Habi ta je suna da sabuwar rigar, kuma duk da an gyara mata, ba ta iya riƙe bakinta ba.

Mata suka fara shigowa. Duk wadda ta sami izinin fita unguwa sai ta biyo ta gidan Halliru da yadi a ƙarƙashin mayafi. Kowace da zaren awonta rataye a jikin bango, Zuwaira kuma ba ta rikita na wata da na wata. Mai ciki ta zo a sassauta mata, mai goyo ta zo a buɗe mata gaba, abubuwan da ba mace ɗaya da za ta aika miji ya gaya wa tela. Rabon gandu daga kuɗin ɗinkin yana zuwa hannun Maccido ta wurin Halliru kamar yadda aka saba. Da aka haihu a Rara wannan shekarar, gudummawar Zuwaira ta riga ta kowa isa. Miyar gidan ma ta daina zuwa lami.

Kaka ta yi, kurkunu ya gama fita, ƙafa ta sace. Halliru ya fara zuwa masallaci da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Magana kuma ta riga ta fita gari. Telolin kasuwa suka fara tambayarsa ko yanzu shi ke daka, tun da an karɓe masa kujera. Wasu dattawa suka ce ba su taɓa jin inda mace ta ɗinka wandon namiji ba, kuma ba su son a fara a unguwarsu. Maccido mutum ne mai kamun kai, ba mugu ba ne, amma ba ya son sunan gidansu a bakin mutane. Ya zo da safe ya tsaya a tsakar gida, ya gaya wa ƙanensa cewa keken don ciwo ya shigo, ciwo ya warke, bayan Juma'a a mai da shi zaure. Zuwaira tana ɗaki, ta ji.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma aika wa kowa ya je roƙo ba. Da ta kawo wa mijinta abinci da rana, sai ta zauna nesa kaɗan, ta jira ya gama.

“Malam, in keken ya hita, ba ni da abin yi. Na gwada zama, ban iya ba.”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Halliru ya ce ya ji, amma ta san keken ba nasa ba ne, kuma bai taɓa mai da wa yayansa magana ba. Ta ce ta sani. Ta kwashe kwanuka.

Kwanakin da suka rage ta gama duk ɗinkin matan da ke hannunta ta aika musu. Ta goge keken ta sa masa mai. Sannan ta share zaure, ta shimfiɗa tabarmar Halliru a inda yake zama tun kafin keke ya zo, wajen ƙofa inda haske ke faɗowa. Ta nemo alluransa na aikin hannu ta goge tsatsa, ta ajiye su a kan tabarmar tare da wani farin yadi mai kyau da ta saya da abin hannunta. Halliru ya fito ya gani. Ya tsaya, ya ɗauki allura ɗaya ya gwada tsininta a babban yatsa, ya mayar. Ranar ya makara zuwa masallaci.

Ranar Asabar Maccido ya kira maƙwabta biyu su taya ɗauka, ina cikinsu. Muka fito da keken muka ajiye a zaure. Maccido ya ce Halliru ya hau ya gwada, a ji ko ɗauka ta taɓa wani abu. Halliru ya zauna, ya sa ƙyalle, ya taka kaɗan. Sai ya tsaya, ya riƙe gwiwa, ya ce ƙafar ba ta warke ba tukuna.

Maccido ya dube shi.

“Jiya na gane ka ka hito hwadama da damen shinkahwa bisa kai.”

“Tahiya daban ta, Yaya. Keke nan ga gwiwa shika kamawa.”

Maccido ya ƙura wa gwiwar ido. Mu kuma muka sami abin kallo a rufin zaure. Can Maccido ya ce to, keke ba ya zama haka nan. Ko a nemo tela daga Goronyo a ba shi haya, ko a mai da shi Sakkwato a sayar. Halliru ya sunkuyar da kai. Maganar gwiwar ce iyakar abin da zai iya, ya kuwa yi.

Sai muka ji sallama daga ƙofar ciki. Zuwaira ce, ta durƙusa a bayan ƙofar inda ba a ganinta sosai. Matar ƙane ba ta magana da wan miji a gaban maza, wannan kowa ya sani, ita ma ta sani. Ta gai da shi, ta nemi izini, ta yi magana a hankali ba rawar murya.

“Yaya, keken naku na, yadda kunka ce haka za a yi. Amma tun damana ni ka taka shi, ba ni ɓoye muku. In kun bar shi ciki, ba ni sake taɓa kayan maza. Wando da taguwa a kai wa na kasuwa. Ni na mata da na yara kaɗai, waɗanda su ba su iya aunawa. Rabon gandu ba shi tsayawa.”

Ba ta tashi daga inda ta durƙusa ba.

Abin da ta faɗa kowa a zauren ya riga ya sani, sai dai ba wanda ya taɓa faɗinsa a gaban Maccido. Ta kuma cire wa telolin kasuwa abin ƙorafi, ta cire wa dattawa nasu, tun da wandon namiji ne damuwarsu. Maccido manomi ne mai sayar da albasa, ya san ciniki in ya ji shi. Bai amsa mata ba, don bai kamata ya amsa ba. Ya kalli tabarmar da ke wajen ƙofa da alluran da ke kanta, ya kalli gwiwar ƙanensa. Sannan ya juyo gare mu.

“Ku yi haƙuri, mun wahal da ku. A mai da shi ciki, har ƙahwa ta warke.”

Muka sake ɗauka. Shiga ya fi fita wuya, don ƙofar ƙunci gare ta, sai da muka karkata shi.

Zuwaira ta cika alkawari. Ko hular mijinta ce ta farke, ba ta sa ta a keke. Telolin kasuwa da suka ga wanduna sun dawo musu, sai suka bar tsokana, har wasu suka fara turo matansu. Halliru ya koma tabarmarsa. Manyan riguna masu aikin hannu keke bai taɓa iya su ba, masu hali kuma ba su daina so ba. Ana kawo masa aiki daga Rabah da Achida, yana zaune yana jin sallamar kowa.

Kafin Turawa su tafi, 'yan mata sun fara zama a gefen Zuwaira suna kallon ƙafarta. Iyaye kan kawo su, daga cikin gari da Kwargaba, a ce a koya musu kafin aure. Ba ta koyarwa da baki. Takan sa yarinya ta yi ta taka keken ba zare ba yadi, har sai ƙarar ta daidaita, sannan ta ba ta ƙyalle. Cikinsu akwai waɗanda aka kai ɗakin miji da keke a cikin kayan ɗaki, abin da ba wanda ya yi tsammani a unguwar da aka ce allura ta maza ce. A gidajen nan, in ana shawara, an koma jin ta bakin na bayan danga.

Maccido bai janye maganarsa ba har ya rasu. Duk kaka, in an gama sussuka, yakan biyo ta zauren ƙanensa ya tsaya, ya tambayi ƙafa. Halliru ya ce da sauƙi, amma ba ta kai ga keke ba tukuna. Maccido ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya wuce. Halliru yakan je gonar fadama ya dawo ba sanda, amma in zai gifta ƙofar yayansa sai ka ga yana ɗan ɗingishi. Masu sa ido sun ce da tsufa ya zo, wani lokaci yakan ɗingisa da hagu.

Habi ce kaɗai ta taɓa tambaya kai tsaye. Sun tsufa su biyu, ta zo a sake mata awo don jiki ya ƙaru. Zuwaira na zagaya ta da zare, sai Habi ta ce don Allah yau ta gaya mata gaskiya, ƙafar yayanta ciwo take yi ko kuwa.

Zuwaira ta ƙulla zaren, ta duba ƙullin.

“Ni ba wanzami ba ta. Ɗaga hannunki, Habi, kina ɓata man awo.”